Aikin leza na ido: wa ya taɓa yi, kuma a ina?

Autar Zaure: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema. Akwai wanda ya taɓa yin aikin idon nan na leza da ake yi a daina sa gilashi? Tun ina firamare nake fama da shi, yanzu lambata minus 6 a dama, minus 5.5 a hagu, ga kuma silinda, wato ƙarin lambar da ake sa wa wanda tudun gaban idonsa bai daidaita ba. Baba ya amince zai biya. A ina ya fi, nan gida ko waje? Kuma wane iri, don na ji ana cewa LASIK, ana cewa PRK, na rasa gane bambancin.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Masar. Kowa can yake zuwa.

Bazazzage: Indiya dai.

Hajiya Babba: Ke Auta, ido ne fa. Me gilashin ya yi miki? Kyau ma yake ƙara miki.

Autar Zaure: Hajiya, in na cire shi ko fuskar wanda ke tsaye a bakin ƙofa ba na ganewa. Da asuba sai na lalubo shi kafin in iya sauka daga gado.

Yaya Injiniya: Auta, ki ɗan dakata in gama rubutu, kada ki yanke komai tukuna.

Ɗan Kwari: To fa, Injiniya zai buɗe littafi.

Yaya Injiniya: Ni an yi mini, LASIK, a ƙasar waje. Ba zan ambaci asibitin ba, wanda ya san lokacin da na yi tafiyar ya sani. Wani mai yi wa 'yan Najeriya jagora ne ya tarbe ni a masauki, ya ce ya san wurin da ya fi ko'ina sauƙi. Daga baya na gane yana da kasonsa a kan kowane mutum da ya kai. Da safe muka je, suka saka ni a gaban na'urori, ba wanda ya zauna ya yi mini bayanin abin da hotunan suka nuna, kuma takardar da na sa wa hannu ba da yaren da nake ji aka rubuta ta ba. Kafin la'asar an gama aikin. Shi aikin kansa ba zafi, ana ɗiga maganin kashe zafi, ka ji an danna idon, gani ya ɗauke na ɗan lokaci, sai ka ji wani ƙauri kamar na gashi. Washegari na ga lambar motar da ke can tsallaken titi ba gilashi, har na yi hawaye don murna.

Da na dawo gida abin ya fara. Na sauka Kano cikin hunturu, hazo ya rufe gari. Idona ya bushe, raɗaɗi, jin yashi a ciki daga safe har dare. In na zauna gaban kwamfuta ba na daɗewa sai rubutun ya dusashe, sai na yi ta ƙifta ido kafin ya dawo. Na kira lambar da suka ba ni, sai a ce in ci gaba da ɗiga magani. Mai jagorar ya daina ɗaukar wayata. Likitan da ya duba ni a nan gida shi ya fara gaya mini cewa a LASIK ana yanka ɗan marfi a saman ido, kuma wurin yankan ana datse ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido ya zubo hawaye, kuma suna ɗaukar watanni kafin su sake tsirowa. Ya tambaye ni ko an auna hawayena kafin aikin. Ba a auna ba. Ya ce dama ina cikin masu bushewar ido tun asali, kamata ya yi a fara magance wannan tukuna.

Bushewar ta ragu yanzu, amma har gobe kwalbar maganin ɗiga tana aljihuna. Abin da bai tafi ba shi ne na dare. Duk fitilar mota da ta taho sai in ga ta yi rassa, da zobe kewaye da ita. Kun san aikina, hanyar Kano zuwa Kaduna nake bi, kuma sau da yawa dare kan yi mini. Yanzu in magariba ta riske ni sai in ba wani tuƙin ko in kwana. Da rana ina gani garau, wannan gaskiya ce ba zan ɓoye ba. Amma da wani ya zaunar da ni ya ce ga abin da zai iya faruwa da tuƙinka na dare, da na san abin da zan auna. Ba wanda ya tambaye ni ma mene ne sana'ata.

Ba cewa nake kada ki yi ba. Cewa nake duk wurin da za su auna ki da safe su yanka ki da rana, ki ɗauki jakarki ki fita.

Hajiya Babba: Innalillahi. Ka ji irinta ko. Sannu Injiniya, Allah ya ƙara sauƙi.

Bazazzage: Allah ya ba da lafiya. Amma da ka bi ta Zariya ka yi shawara da masu ilimi da ba a kai ga haka ba. Bakano in ya ji an ce araha ko kunnensa sai ya miƙa a yanka.

Ɗan Kwari: Ku da kuke zuwa Kwari kuna taya shadda kamar za ku yi kuka?

Shugaba: A bar wasan nan tukuna, magana ce ta lafiya. Anti Dokta tana nan?

Uwar Biyu: Ni ma an yi mini, kuma alhamdulillahi ban yi nadama ba. Amma nawa PRK ne, a Indiya, lokacin da na raka maigidan nasa asibitin. Sun ce fatar idona ba ta da kaurin da za a yanka marfi, don haka suka kankare saman kawai suka haska lezar, suka ɗora mini gilashin nan na cikin ido ya zama bandeji. Kwanakin farko kam na sha wuya, hawaye da raɗaɗi, ɗaki ma sai an kashe fitila. Ganin kuma a hankali ya riƙa washewa, ya ɗauki makonni. Sun ja mini kunne sosai a kan baƙin gilashi in zan fita rana, wai hasken rana mai ƙarfi yana iya sa wurin ya yi hazo-hazo.

Autar Zaure: Anti, to alwala fa? Da kwalli?

Uwar Biyu: Makon farko ba a son ruwa ya shiga idon, sai in runtse in shafa fuskar a hankali. Kwalli kuwa na ajiye shi har sai da likita ya ce in ci gaba. Kuma haramun ne murza ido, wannan suka fi nanatawa.

Malam: A gyara kalma dai, likita ba ya haramtawa, hanawa yake yi.

Uwar Biyu: Na karɓi gyara, Malam.

Ɗan Kwari: Malam, tun da kun shigo, wai wannan bai shiga canza halittar Allah ba?

Malam: Neman magani ne. Wanda ba ya gani sai da tabarau yana da lalura, kuma gyara lalura daban, canza halitta don ado daban. Abin da zan ƙara shi ne kada a sa aikin dab da azumi in da hali, domin za a yi ta ɗiga magani da rana, kuma malamai sun yi saɓani a kan abin da aka ɗiga a ido in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro. A wurin Malikawa akwai ramuwa in ya kai, wasu malaman kuma suna ganin ba ya karyawa. Wanda ya kauce wa lokacin ya huta da tambayar.

Ɗalibin Masar: Ni ina Alƙahira, kuma gaskiya akwai ƙwararru a nan, akwai kuma wuraren da kasuwa kawai suke ci. Tallan LASIK har a jikin gine-gine za ka gani. Masu jagorar nan da Yaya ya faɗa mun san irinsu. Wanda zai zo ya nemi likitan da kansa, ya tambayi farashi daga bakin asibitin.

Hajiya Babba: Ni duk abin nan sabo ne a wurina, ina tsoron gwaji suke yi da idon mutane. Wani ƙanin mahaifinmu da ya yi karatu a Mosko an yi masa irin wannan tun muna yara, ya dawo ba tabarau ana ta mamaki. Da girma ya zo sai ga shi da tabarau har biyu, wai na safe daban na yamma daban.

Anti Dokta: Salamu alaikum, yanzu na fito daga wurin aiki na tarar da saƙonni. Ku tuna ni awon ido da gilashi nake yi, ba ni nake tiyata ba, amma ina ganin mutane kafin su tafi da bayan sun dawo.

Hajiya, abin da aka yi wa baffanku daban ne. Wancan salon likitan Rasha ne, Fyodorov, na shekarun 1970: da wuƙa ake tsattsaga gefen fatar idon don tsakiyarta ta baje. An daina shi saboda abin da kuka faɗa ɗin nan, gani yana canzawa tsakanin safe da yamma, kuma da shekaru suka ja lambar takan zarce zuwa plus. Na leza kuwa hukumar magunguna ta Amurka ta amince da PRK tun 1995, LASIK ya biyo baya kafin shekara ta 2000, sai SMILE a 2016. Miliyoyin mutane aka yi wa, kuma mafi yawansu sun gamsu. Amma mafi yawa ba kowa ba ne, ga Injiniya nan a gabanmu.

Auta, bari in yi miki bayanin abin da ake taɓawa. A gaban baƙin idonki akwai wata fata garai-garai, ita ce koniya. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ido ke tattara haske da shi a wurinta yake. Mai minus, hasken yana haɗuwa kafin ya isa bayan ido, sai a rage tudun tsakiyar fatar nan don ya isa daidai. Lezar fere ta take yi, kamar yadda kafinta ke fere katako, kuma abin da aka fere ba ya dawowa. Kaurinta duka bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba, wajen maikiron 540 ga yawancin mutane. Kowace lamba ɗaya ta minus tana cin wajen maikiron 12 zuwa 15. A LASIK ana fara ɗaga marfi mai kaurin maikiron 100 zuwa 120, a haska a ƙarƙashinsa, a mayar da shi. Dole abin da ya rage a ƙasa ya kai aƙalla 250, likitoci da yawa ma ba sa yarda ya gaza 300. A PRK ba marfi, shi ya sa ake zaɓarsa ga mai siririyar fata, da sojoji da 'yan dambe da duk wanda ido ke iya samun bugu. A SMILE kuma ana yanko ɗan faifai a cikin naman fatar a zaro shi ta ƙaramar kafa.

Malamin Lissafi: Wato in tata 540 ce: a cire marfi 110, a cire kamar 85 na minus 6, saura 345. In kuma 480 ce saura 285.

Anti Dokta: Haka ne Malam, ka ga mutum biyu masu lamba ɗaya, ɗaya ya dace ɗaya yana bakin gaɓa. Shi ya sa tambayar "a ina" ba ita ce ta farko ba. Auta, amsa mini uku. Shekarunki nawa? Yaushe lambarki ta canza na ƙarshe? Kina da ƙaiƙayin ido?

Autar Zaure: 22 Anti. Bara aka ƙara mini lamba, silindar ce ta hau a hagu. Ƙaiƙayi kuwa tun ina ƙarama, lokacin zafi har idon ya yi ja ya koma ruwan ƙasa. Ina murzawa sosai gaskiya.

Anti Dokta: To tsaya nan. Shekaru sun kai, daga 18 ake farawa, amma ana son lamba ta tsaya cik aƙalla shekara guda. Taki ba ta tsaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne haɗuwar ukun nan: ƙaiƙayi tun yarinta, murza ido, da silinda mai hawa a ido ɗaya. Ciwon ƙaiƙayin nan ya yi yawa a yaranmu saboda zafi da ƙura, kuma yawan murza yana da alaƙa da wata lalura da ake kira keratokonus, inda fatar ke sirancewa tana tsini gaba. Ban ce kina da ita ba, ba a ganewa ta waya. Amma wanda ke da ita ko alamar farkonta ba a yi masa LASIK sam, domin an ƙara raunana abin da dama yake da rauni, sai fatar ta bulluƙo, gani ya lalace fiye da da, gilashi ma ya kasa gyarawa. Ita maganinta daban ne, ana ɗiga sinadarin riboflabin a haska wani haske don fatar ta yi ƙwari ta daina gaba.

Abin da za ki nema shi ne taswirar koniya, hoton da ke nuna tudunta da kaurinta gaba da baya. Na'urar da aka fi sani Pentacam ce. A auna hawaye, a auna girman ɗan tsakiyar ido a cikin duhu, a ɗiga maganin buɗe ido a leƙa bayansa. In kina sa gilashin nan da ake liƙawa a cikin ido ki cire shi mako ɗaya zuwa biyu kafin awon, in mai tauri ne ya fi haka, don yana canza siffar fatar. Ki fara da ganin likitan ido a nan gida, ko a asibitin koyarwa na Aminu Kano (AKTH), ko asibitin ido na ECWA, ko asibitin ido na Makkah da ke Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ki faɗa masa ukun nan da kika faɗa mini, shi zai tura ki inda za a yi hoton.

Autar Zaure: Jikina ya yi sanyi wallahi.

Uwar Biyu: Kada ki damu ƙanwata, awo ne kawai. Gara a sani.

Yaya Injiniya: Wannan bayanin da Anti ta yi kyauta a nan, ni da kuɗina ban samu ba.

Ɗan Kwari: Ƙaiƙayi ai akwai wani ɗan maganin ɗiga a kemis, mai arha, ɗigo ɗaya ya ɗauke. Shi nake saya wa yarana.

Anti Dokta: Alhaji, don girman Allah duba jikin kwalbar yanzu. In ka ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone ka daina sa musu sai likita ya gani. Suna kashe ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe ana ɗigawa suna hawar da ƙarfin ruwan ido su kawo gilakoma, suna kuma kawo yana. Yaro ba zai ce maka komai ba sai gani ya tafi, kuma abin da gilakoma ta ci ba ya dawowa.

Ɗan Kwari: Subhanallah. Na farkon ne a jiki. Gobe zan kai su.

Bazazzage: Ka ga amfanin zama da mutane. Allah ya tsare yaran.

Malamin Lissafi: Anti, ni 46 nake, in aka yi mini shi ke nan na rabu da gilashi?

Anti Dokta: A'a Malam. Daga shekara 40 zuwa sama ƙwayar da ke cikin ido tana taurara, karatu na kusa ya fara wuya, kuma leza a kan koniya ba ta hana wannan. Kai da kake da minus yanzu kana cire gilashi ka karanta Alƙur'ani ko ka duba takardun ɗalibai. In aka goge minus ɗin za ka ga nesa, amma sai ka nemi gilashin karatu. Mutane da yawa ba a gaya musu wannan.

Malamin Lissafi: To na haƙura, in zauna da nawa.

Hajiya Babba: Ita kuma Auta bikinta ba bayan Sallah ba ne?

Anti Dokta: Wannan ma abin lura ne, Hajiya. Ciki da shayarwa suna iya motsa lambar ido, ba a yin aikin a lokacinsu.

Injiniya, kai kuma abu biyu. Duk inda za a auna maka ƙarfin ruwan ido ka faɗa musu an yi maka LASIK, domin fatar da aka rage wa kauri tana sa na'ura ta nuna lamba ƙasa da gaskiya. Kuma ka adana takardun awonka na kafin aiki, ranar da girma ya zo aka tashi cire yana za su taimaka wurin lissafin ƙwayar da za a saka. Maganin bushewar kuma ka nemi na 'yan ƙananan robobi da ake fasawa a yar, wanda ba sinadarin adanawa, tun da kana ɗigawa da yawa.

Yaya Injiniya: Takardun ba su ba ni komai ba sai rasiti. Zan sa a nemo mini.

Ɗalibin Masar: Yaya, turo mini ta gefe in gani ko zan iya bin sawu.

Sabon Shiga: Salam. Ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Mahaifiyata ce yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Wannan lezar za ta yi mata? Akwai wani mai magani da ke zuwa ƙauyenmu ranar kasuwa, ya ce zai kwantar mata da ita da allura.

Anti Dokta: Kada ku bari ya taɓa ta. Tura ƙwayar yake yi ta faɗa cikin ido, ta ɗan ga haske na kwanaki, daga baya kumburi ko gilakoma su biyo, da yawa idon ke mutuwa gaba ɗaya. Kuma ba LASIK take buƙata ba, matsalarta a ciki take ba a fatar gaba ba. Aikin yana ake yi, a cire ƙwayar da ta yi fari a saka ta roba, kuma wannan kullum ana yinsa a asibitocin da na lissafa a sama. Tana da ciwon suga ko hawan jini?

Sabon Shiga: Hawan jini, tana shan magani.

Anti Dokta: Ku taho da magungunan nata da katin asibiti.

Hajiya Babba: Ku yi sammako, layi yana tsawo. Daga wane gari za ku taso?

Sabon Shiga: Ta wajen Ɗambatta, Hajiya.

Ɗan Kwari: Motar kayana tana dawowa daga can ranar Litinin da safe, gaba ba kowa. In ya yi muku ka yi mini magana ta gefe in haɗa ka da direban, dama ni ma ranar zan koma da yaran.